Ibu Sapia da Tsagar Ƙarƙashin Waelusa

Ƙarfe bakwai saura kwata ƙaramar bas take sauke Ibu Sapia Tuankotta a ƙofar ofishinmu na awon teku da ke tsibirin Ambon. Ibu, wato uwa, laƙabin girmamawa ne da muke kiran mata da shi. Haka take yi tun kafin a ɗauke ni aiki, haka kuma ta yi ranar Juma'ar da ta wuce, wadda ita ce ranarta ta ƙarshe. Takan shigo da filas ɗin shayi da busasshiyar gurasar sagu, wato garin da ake tatsa daga cikin wata bishiya mai kama da dabino, guda biyu a jaka, ta gaida mai gadi, ta tambaye shi jikin matarsa, sannan ta wuce ɗakin can ƙurya wanda ba shi da taga. Ta cire takalmi ta tura ƙarƙashin tebur, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta yi bisimilla ta kunna kwamfuta. Daga nan ba ka ƙara jin motsinta sai azahar.

Aikinta tacewa ne. Jirginmu na awo yakan yi tafiya a hankali bisa miƙaƙƙen layi, na'urar da ke manne a cikinsa tana aika sauti ƙasan teku tana sauraron dawowarsa. Kowace dawowa ɗigo ɗaya ce mai nuna zurfin wurin, kuma a yini guda ɗigon yakan kai miliyoyi. Sai dai ba duka ne ke faɗin gaskiya ba. Garken kifi yana ruɗar na'ura, kumfa tana ruɗar ta, ruwan kogi idan ya gauraya da na gishiri yakan lanƙwasa sautin har fili ya zama kamar kwari. Dole wani ya zauna ya tsince na ƙarya ya bar na gaskiya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Shekara talatin da shida Ibu Sapia tana wannan zama. Ta fara tun lokacin da na'ura ke zana zurfi a kan doguwar takarda, ana karantawa da rula.

Duk taswirar da ta fita daga ofishin nan, ta gangaren da ke sauka daga gaɓar tsibiranmu zuwa zurfin Tekun Banda, da kwazazzabai, da tsaunukan da ido bai taɓa gani ba, sai da ta bi ta hannunta. Sunanta bai hau ko ɗaya ba. Nawa ya hau da yawa, domin ni ne Idrus da ake kira Pak Dakta, wato Malam Dakta, shugaban tawagar awo. Ita kuwa takardar makarantar koyon sana'a ce kaɗai a hannunta. Shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta wannan da hannuna, in kuma faɗi abin da na daɗe ina kauce wa faɗa a bainar jama'a.

Abu ɗaya da duk wanda ya taɓa hawa jirgi da ita zai ba ka labari shi ne teku ba ya karɓar ta. Kwana biyun farko na kowace tafiya da bokiti take zama a gefen kujerarta. Ta juya ta yi amai, ta kuskure baki, ta koma kan allo. Kyaftin Yopi Sahureka, wanda ya tuƙa jirginmu har ya yi furfura, ba ya gajiya da tsokanar ta.

"Ibu, shekara ashirin kina teku, har yanzu cikin nan naki bai gane hanya ba?"

"Kyaftin, kai ma shekara ashirin kana riƙe da sitiyari, har yanzu ba ka iya miƙe layi ba. Zo ka duba na jiya, kamar tafiyar kaguwa."

Sai ya yi dariya ya aiko mata da ruwan citta mai zafi.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce muka fita awon gangaren da ke kudu da tsibirin Seram. A cikin jadawalinmu an saka mana wani ɗan ƙaramin aiki: hukumar yankin tana shirin cike bakin ruwan wani ƙauye mai suna Waelusa, ta gina sabuwar makarantar firamare da rumfunan kasuwa da matsayar kwale-kwale ta siminti, don haka aka roƙe mu mu auna musu gaban ƙauyen. Mun gama cikin rabin yini muka juya kudu. Ni hankalina yana wani wuri. Akwai wani tsauni a can cikin zurfi wanda na shekara huɗu ina neman a ba ni lokacin jirgi in auna shi, kuma kwana biyu kacal suka rage mana kafin iskar gabas ta tashi ta kore mu gida.

Washegari da hantsi ina shan kofi sai ga ta a bakin ƙofa, fuskarta duk ta faɗa saboda amai.

"Pak Idrus, zo ka ga wani abu."

Ta nuna mini allo. Daidai gaban Waelusa, bai fi taku ɗari biyu daga yashi ba, wani kwazazzabo ya taso daga zurfi ya ci gangaren har kusan gaɓa. A samansa kuma ga wata siririyar tsaga mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, ta bi gaban ƙauyen daga wannan gefe zuwa wancan.

Na duba na ce, "Bakin kogi ne wurin. Ruwan daɗi ne ya lanƙwasa sautin. Goge shi."

"Na yi tunanin haka," in ji ta. "Amma layi biyu muka bi ta wurin, ɗaya muna tafiya gabas, ɗaya muna dawowa yamma. Ƙarya ba ta zama wuri ɗaya sau biyu, Pak. Wannan ta zauna."

"Ibu, a gefen awon take, inda na'ura ta fi yin shirme. Kin fi ni sani."

"Shi ya sa nake so mu koma mu ratsa ta tsakiyarta. Layi ɗaya."

Layi ɗayan nan, zuwa da dawowa, yini guda ne cur. Raina ya ɓaci. Na gaya mata maganar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ce ni na yi karatun wannan abu, ita aikinta ta goge abin da aka ce ta goge. Ba ta ɗaga murya ba. Ta janye hannunta daga kan tebur ta ɗora a cinya.

"To ga kujera, Pak. Ka goge da hannunka. Ni dai na ji an ce makaranta za a ɗora a kai."

Ban zauna ba. Na haura wurin Kyaftin Yopi ina neman wanda zai goya mini baya, na zayyana masa komai. Ya saurare ni yana kallon gaban jirgi, sannan ya ce, "Pak Dakta, kai ne mai ba da umarni, ni direba ne. Amma matar nan kullum sai ta zagi tuƙina, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba."

Na ce a juya jirgi, muka juya. Da la'asar muka ratsa tsakiyar wurin a hankali, ita da ni muna tsaye a gaban allo. Tsagar ta fito sarai, zurfinta ya fi tsayin mutum uku, kuma ƙasar da ke ƙasanta ta riga ta ɗan zauna. Ma'anar abin a fili take: gaban Waelusa gaba ɗaya yana rataye ne a bakin rami, kuma ya fara rabuwa da uwar ƙasa. Girgiza mai ƙarfi ɗaya, ko nauyin duwatsun da za a jibga don cike wurin, zai iya tura shi. Tsaunina kuwa ban auna shi ba. Bayan shekara uku wata tawaga ta zo ta auna, sunayensu ne a kai.

Rahoto ni na rubuta, na aika, aka karɓa aka ajiye. Bayan wata biyu muka ji cewa aikin cikewa yana nan yadda aka tsara. Ibu Sapia ta zo ofishina ta ce takarda ba ta magana, sai mutum ya je. Ta ɗauki hutunta na shekara, muka hau jirgin ruwan fasinja zuwa Seram, muka yi awa biyar a mota, bokitinta a gabanta.

Bapa Raja, wato dagacin Waelusa, ya tara mutane a zauren taro. Na fara bayani da kalmomin makaranta, na ga idanu suna komawa waje. Sai Ibu Sapia ta roƙi a kawo mata faranti da jiƙaƙƙen yashi. Ta tara yashin a bakin faranti, ta ja layi da ɗan yatsa, ta ɗora ashana a kai ta ce ga makaranta. Sannan ta ɗan buga gefen farantin. Yashin ya zame da ashanar.

Sai wata mai sayar da kifi, Mama Oda, ta miƙe tana gyara zani.

"Ke baiwar Allah, kin taɓa nutsewa kin gani da idonki?"

"Ban taɓa ba, Mama. Ko iyo ban iya ba."

Aka fashe da dariya. Mama Oda ta juya ga jama'a. "Kun ji ko? Ba ta iya iyo ba, amma ta san abin da ke ƙarƙashin ruwan da muka tashi a cikinsa! Shekara nawa muna roƙon makaranta mai rufin kwano? Yanzu da ta zo bakin ƙofa, mutanen birni sun biyo ta da farantin yashi."

Ibu Sapia ta bari dariya ta lafa, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya daɗe yana jefa ƙugiya a gaban ƙauyen. Aka nuna wani tsoho da ke jingine da ginshiƙi, Tete Bakri, wato kaka Bakri.

"Tete, daidai saitin bishiyar nan da ke bakin kogi, gaba nawa igiyarka take taɓa ƙasa?"

Tsohon ya murza gemu. "Ina saurayi, gaba goma sha biyu."

"Yanzu fa?"

"Bara na saki goma sha shida ban ji ƙasa ba. Na ɗauka hannuna ne ya tsufa." Ya dubi Bapa Raja. "Kuma kakata takan ce akwai gonar kwakwa a wurin da muke ɗaure jirage. Ta ce safiya ɗaya aka tashi babu ita. Mukan yi mata dariya."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. An yi kwana biyu ana ja-in-ja. A ƙarshe Bapa Raja ya rubuta wa hukuma cewa ƙauye bai yarda a cike bakin ruwa ba, kuma ya ba da gonar kanumfarin gidansu da ke kan tudu a gina makaranta. Tsohuwar kasuwa da matsayar kwale-kwale da ke bakin ruwa kuwa suka ce ba za su motsa ba. Ibu Sapia ta roƙe su har muryarta ta dushe. Tete Bakri da kansa ya ce mata, "'Yata, na yarda da ke. Amma ina zan kai jirgina, kan dutse? Yara su hau. Mu kifi muke ci."

Matakala ɗari da arba'in da biyu ce daga ƙauye zuwa makarantar. Da damina santsi, da rani haki. Mutanen Waelusa suka sa mata suna Matakalar Ibu Sapia, kuma ba don yabo ba. Malamai biyu sun nemi canjin wuri saboda ita. Duk wanda ya zo Ambon daga can sai ya kawo mana labarin irin tsinuwar da ake yi. Takan saurara ta ce, "Su yi ta zagi suna hawa." Shekara shida ana haka, tsagar ba ta motsa ba. Ni kaina akwai ranakun da na tambayi zuciyata ko mun wahalar da mutane a banza. Ita kuwa duk lokacin da jirgi zai bi ta kusa sai ta nemi a ƙara ratsa wurin, ta kwatanta da na baya, ta aika wa Bapa Raja sakamakon da rubutun hannunta.

Wata ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe ƙasa ta girgiza a kudancin Seram. Mu a Ambon fitilun rufi kawai muka ga suna lilo. A Waelusa, waɗanda suka tsira sun ce ba a yi minti biyu ba bakin ruwan ya tsage daga kogi har ƙarshen kasuwa, ya sulale cikin teku da matsayar da rumfuna da bishiyoyin kwakwa a tsaye. Ruwa ya ja baya, ya dawo ya shiga ƙauye har jere na uku na gidaje. Mutum tara suka rasu. Tete Bakri yana cikinsu, yana gyaran raga a kan matsaya. Mijin Mama Oda ma yana ciki. A kan tudu kuwa, yara ɗari biyu da goma sha ɗaya suna tsaye a filin makaranta tare da malamansu, suna kallon wurin da aka so a gina musu azuzuwa ya koma ruwa mai launin ƙasa.

Ni na kai mata labarin a ɗakinta. Na fara da yaran, domin ina so ta ji daɗi. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta ce, "Su wa aka rasa?" Na ce tara ne. Ta ce ba adadi ta tambaya ba. Sai da na buga waya aka karanto mini sunaye, ina faɗa tana rubutawa a bayan wata tsohuwar taswira. Da na zo kan Tete Bakri ta ajiye biro. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Da na ƙara kwana ɗaya. Da na ƙara kwana ɗaya ina roƙon su."

Bayan sati uku muka koma da jirgi don mu gano abin da ya rage na gangaren, domin mutane suna tsoron komawa ruwa kuma ba su da abin ci sai kifi. Kwana huɗu tana tace ɗigo, har ta gano wani lungu yamma da ƙauyen inda ƙasan dutse ne mai ƙwari, babu tsaga babu rami. Da za mu sauka mu gaya wa Bapa Raja, na ga tana jan ƙafa. Ta hango Mama Oda a tsaye a bakin yashi.

Mama Oda ta tako har gabanta.

"Kin ce har da kasuwa," in ji ta. "Kin faɗa. Ni ce na fi kowa ɗaga murya."

"Mama, ki yafe mini. Ban iya magana yadda za ku yarda ba."

"Ke rufe mini baki." Ta kama hannayenta biyu ta riƙe. "Jikokina uku suna kan tudu ranar. Uku. Zo ki ci abinci, kin rame kamar busasshen kifi."

A lungun da ta nuna aka gina sabuwar matsaya. Tana nan har yau.

Ibu Sapia, ke ce kika janye hannunki daga tebur ranar da wanda ya fi ki muƙami ya ce ki goge. Ke ce kika ƙarar da hutunki a kan hanyar Seram don mutanen da ba dangin iya ba na baba, kika sha dariyarsu, kika sha zaginsu shekara shida, ba ki taɓa cewa ai na gaya muku ba. 'Yar Tuankotta, mai gani inda rana ba ta kaiwa. Na yi aiki da masana daga ƙasashe da yawa, masu manyan jirage da na'urorin da ba mu taɓa mafarkin samu ba, ana ta ƙoƙarin a zana ƙasan tekunan duniya kaf. Na san a bayan kowace taswirarsu akwai wani irinki a wani ɗaki, wanda ba za a kira shi kan mumbari ba. Ban san sunayensu ba. Naki na sani, shi ya sa na rubuta shi.

Idanunta ne suka sa ta ajiye aiki. Likita ya ce allon ya ci rabonsa. Ranar Juma'a muka yi mata ɗan taro a farfajiyar ofis, da tuwon sagu da miyar kifi. Kyaftin Yopi ya zo da sandarsa. Aka yi jawabai, ita tana zaune tana kallon ƙasa kamar wadda ake yi wa faɗa. Da aka watse na matsa kusa da ita na ce akwai bashin magana a wuyana tun ranar nan a jirgi, ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Pak Idrus, kai ka ce a goge, kai kuma ka ce a juya jirgi. Ni na biyun na riƙe. Ci kifinka."

Sannan ta buɗe jaka ta miƙo mini takarda ɗaya a ninke. Sunayen ƙauyuka goma sha ɗaya ne na bakin teku, a Seram da Buru da ƙananan tsibirai, duk waɗanda take zargin gangarensu irin na Waelusa ne kuma ba a taɓa auna gabansu ba. A gefen kowanne ta rubuta ko akwai makaranta a bakin ruwa. Bakwai suna da ita.

"Ni na gama," in ji ta. "Waɗannan ba su gama ba."

Mun gode, Ibu. Allah ya saka miki da alheri, ya bar miki sauran hasken idonki, ya ba ki hutu mai daɗi a kan busasshiyar ƙasa. Ku kuma da za ku zauna a irin kujerarta, a ofishinmu ko a wani, idan idonku ya ga abu sau biyu a wuri ɗaya, kada ku goge shi don babba ya ce. Mu manya kuma mu koyi tsayawa mu saurari wanda ke ƙasa da mu kafin bakinmu ya yi mana kaye. Takardar tana kan teburina. Jirgi zai fita bayan damina, kuma na riga na sa ƙauye na farko a jadawali.